Shin Monako ƙasa ce mai cin gashin kanta, ko kuwa masarauta ce a ƙarƙashin Faransa?

Ɗalibin Siyasa:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan Monako, ƙasar nan da ke gaɓar tekun Bahar Rum, wadda Faransa ta kewaye ta ta tudu, teku kuma ya tare ta ta ɗaya gefen. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, mazaunanta ba su cika dubu 40 ba, kuma masu takardar zama ɗan ƙasa a cikinsu kimanin kashi ɗaya ne bisa huɗu. Ba ta da rundunar sojan da za ta iya tsare iyakarta, ba ta da kuɗi nata na kanta, filin jirgin sama ma sai ta dogara da na birnin Nis a Faransa, shugaban gwamnatinta kuma Bafaranshe ne. Duk da haka tana da tuta da fasfo da jakadu, tana kuma da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

A bisa wane dalili ake lissafa ta cikin ƙasashe masu 'yancin kai, ba a ɗauke ta kamar masarautunmu lokacin da suke ƙarƙashin Turawan Ingila ba, inda sarki yana kan gadonsa amma magana ta ƙarshe tana hannun razdan? Sannan a cikin gida, wa ke riƙe da ainihin iko, Yarima ne ko majalisa?

Tsohon Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta farko ba za ta amsu ba sai an waiwayi tarihi, domin 'yancin Monako ba da yaƙi aka same shi ba, da ciniki aka same shi, kuma an daɗe ana cinikin.

Gidan sarautar Grimaldi asalinsu mutanen Genoa ne a ƙasar Italiya ta yanzu. A Janairun 1297 wani daga cikinsu, François Grimaldi, ya yi shigar burtu da tufafin malaman coci, aka buɗe masa ƙofar ganuwar da ke kan dutsen Monako, shi kuwa ya shigar da mutanensa suka ƙwace ta. An sha korarsu suna dawowa kafin wurin ya zauna a hannunsu. Abin da suka gane tun da wuri shi ne, dutse ɗaya da tashar jirgin ruwa ɗaya ba su isa su tsare kansu ba, don haka kullum sai sun nemi babbar daular da za su raɓa, bisa sharaɗin cewa za ta amince su ne masu wurin. A 1524 sun shiga ƙarƙashin kariyar Sifaniya. Da suka ga sojojin Sifaniya sun yi musu kane-kane a gida, sai Yarima Honoré na II ya ƙulla yarjejeniyar Péronne da Sarki Louis na XIII na Faransa a 1641, aka kori Sifaniyawa, Faransa ta karɓi aikin kariya. Juyin juya halin Faransa ya haɗiye ƙasar baki ɗaya a 1793, ba a mayar wa gidan Grimaldi da ita ba sai a 1814, bayan shekara guda kuma manyan ƙasashen Turai suka miƙa kariyarta ga masarautar Sardiniya.

Shekarar da ya kamata ka riƙe ita ce 1861. Kafin nan Monako ta fi yadda take yanzu girma nesa ba kusa ba, domin garuruwan Menton da Roquebrune, masu gonakin lemo da zaitun, duk nata ne. Mutanen garuruwan sun yi bore a 1848 saboda nauyin haraji, suka ɓalle. A ranar 2 ga Fabrairun 1861 Yarima Charles na III ya sa hannu ya bar wa Faransa su, ita kuma ta biya shi kimanin faran miliyan 4, ta kuma amince a rubuce cewa abin da ya rage ƙasa ce mai 'yancin kanta. Wato ya sallama mafi yawan ƙasarsa, wadda dama ta riga ta kuɓuce masa, ya karɓi takardar shaidar 'yanci. A ganina babu wata shawara da wani mai mulkin Monako ya taɓa yankewa da ta fi wannan hangen nesa, ko da yake a lokacin ya zauna da dutse da bakin teku ba tare da abin da zai ciyar da fada ba. Wannan talauci ne ya sa aka rungumi gidan caca, aka kafa kamfanin Société des Bains de Mer a 1863, aka raɗa wa unguwar suna Monte Carlo a 1866, jirgin ƙasa ya iso a 1868, kuɗi suka shigo har Yarima ya soke harajin kuɗin shiga a 1869.

Abin da nake so ka lura da shi, a duk waɗannan matakai Monako ce ke sa hannu a yarjejeniya a matsayin ɓangare guda, komai rauninta.

Baƙo daga Maradi:

Malam, Allah ya ƙara sani, na ƙaru da bayaninka, amma ina ganin ka tsaya a inda labarin yake da daɗi. Sa hannu a takarda ba shi ne 'yanci ba idan mai sa hannun ba shi da halin cewa a'a. A duba yarjejeniyar Yulin 1918. A cikinta Monako ta ɗauki alkawarin cewa za ta gudanar da ikonta daidai da muradun Faransa na siyasa da soja da tattalin arziki, kuma ba wanda zai hau gadon sarauta sai Bafaranshe ko ɗan Monako da gwamnatin Faransa ta yarda da shi. A 1930 aka ƙara wata wadda ta keɓe manyan muƙamai ga Faransawa, har da na shugaban gwamnati, wanda Yarima yake zaɓa daga cikin sunayen da Paris ta aiko masa. Idan wannan ba zaman 'yan amshin shata ba ne, to mene ne?

Ranar da aka gwada ƙarfi kuwa kowa ya ga sakamako. A Janairun 1962 Yarima Rainier na III ya yi saɓani da shugaban gwamnatinsa, Émile Pelletier, ya sallame shi. Dama shugaban Faransa, Janar de Gaulle, yana cike da fushi ganin yadda attajirai da kamfanonin Faransa suke komawa Monako don guje wa haraji. A watan Oktoba na shekarar, ma'aikatan kwastan na Faransa suka kafa shinge a kan iyakar da aka yi kusan shekara ɗari ba a tsayar da kowa a kanta ba. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba, amma saƙon ya isa, tunda mafi yawan ruwan sha da wutar lantarki da hanyoyin ƙasar ta Faransa suke biyowa. A Mayun 1963 Monako ta sa hannu cewa Bafaranshen da bai cika shekara biyar da zama a can ba kafin Oktoban 1962 zai biya wa Faransa haraji kamar yana gida, kuma kamfanin da yake samun fiye da kashi 25 cikin ɗari na cinikinsa a wajen Monako zai biya harajin riba. Har gobe waɗannan sharuɗɗa suna aiki. Ƙasar da shingen kwastan kaɗai ya isa ya sauya mata dokar haraji, ni dai ina ɗari-ɗari da kiranta mai cikakken 'yanci.

Lauya a Kaduna:

Ɗan'uwa daga Maradi, abin da ka kawo gaskiya ne, sai dai akwai abubuwa biyu da ka haɗa wuri ɗaya waɗanda dokar ƙasa da ƙasa take rarrabewa, wato 'yanci da ƙarfi. Sharuɗɗan da aka saba ambatawa, kamar yadda suka zo a yarjejeniyar Montevideo ta 1933, su ne ƙasa ta kasance tana da jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon ƙulla hulɗa da sauran ƙasashe. Ba a ce sai tana da soja ko kuɗinta ba, ba a kuma ce sai ta fi ƙarfin maƙwabciyarta ba. In da ƙarfin jure matsin lamba ne ma'auni, da ƙasashe da yawa waɗanda suka ninka Monako sau dubu sun faɗi jarrabawar.

A nan ne kwatancen da mai tambaya ya yi da masarautunmu ya rabu da halin Monako. A 1903 Lugard ya fito fili ya ce ikon da ke hannun sarakuna ya koma hannun Ingila ta hanyar cin yaƙi, gwamna ne ke naɗa sarki, shi ne kuma ke tuɓe shi, kuma babu sarkin da yake da hurumin aika jakada wata ƙasa. Faransa ba ta taɓa naɗa Yariman Monako ko ta tuɓe shi a ƙarƙashin waɗannan yarjejeniyoyi ba, kuma dokokin majalisar Faransa ba sa aiki a can sai abin da Monako ta amince da shi a rubuce. Ko rikicin 1962 ɗin, da yarjejeniya aka kashe shi, ba da umarnin gwamna ba, kuma Rainier ya tsira da babban abin da yake karewa, tunda har yanzu mazaunin Monako wanda ba Bafaranshe ba ba ya biyan ƙasar harajin kuɗin shiga.

Ƙari a kan haka, yarjejeniyar 1918 ba ita ke aiki ba yanzu. Monako ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a Mayun 1993. A ranar 24 ga Oktoban 2002 aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya da Faransa, wadda ta ce Faransa za ta kare 'yancin Monako da iyakokinta kamar yadda take kare nata, ita kuma Monako za ta kula kada matakanta su ci karo da manyan muradun Faransa. Ƙaramin ofishin jakadancin Faransa ya zama cikakken ofishin jakada a 2006. Tun 2005 kuma Yarima yana iya naɗa ɗan Monako ko Bafaranshe a matsayin shugaban gwamnati, bayan ya tuntuɓi Paris. Gaskiya ne cewa waɗanda suka biyo baya, irin su Michel Roger da Serge Telle da Pierre Dartout, duk tsofaffin ma'aikatan Faransa ne, 'yan ƙasa kuwa riƙon ƙwarya kawai suka yi, amma wannan ya zama al'ada da dabara, ba tilas na doka ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi jan hankalina, kuma amsarta ba ta da wuya: iko yana hannun Yarima. Kundin tsarin mulkin da ake aiki da shi na ranar 17 ga Disamban 1962 ne, an yi masa gyara a Afrilun 2002, shi kuma ya maye gurbin na farko wanda Yarima Albert na I ya bayar a 1911 bayan zanga-zangar jama'a. Kundin ya ce aikin zartarwa yana ƙarƙashin ikon Yarima, Ministan Ƙasa, wato shugaban gwamnati, ne ke tafiyar da shi tare da ministoci biyar masu kula da cikin gida, da kuɗi, da lafiya da walwala, da ayyuka da muhalli, da harkokin waje. Yarima ne ke naɗa su, kuma a gabansa kaɗai suke amsa tambaya. Majalisar Ƙasa mai kujeru 24, wadda ake zaɓa duk shekara biyar, ba ta da ikon kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa ta rushe gwamnati, alhali shi Yarima yana iya rushe majalisar bayan ya ji shawarar Majalisar Sarauta, wato majalisar mashawartansa, a sake zaɓe cikin wata uku.

Amma kada a ɗauka majalisar 'yar kallo ce. Babu dokar da za ta tabbata sai ra'ayin Yarima da na majalisa sun haɗu, kuma kasafin kuɗi ma doka ne, sai majalisa ta amince. Nan ne ƙarfinta yake. Duk shekara idan kasafi ya zo, wakilai sukan yi amfani da damar su matsa wa gwamnati a kan abin da ya fi damun masu zaɓensu, musamman gidajen da hukuma ke gina wa 'yan ƙasa, tunda kuɗin haya a kasuwa ya fi ƙarfin ma'aikaci. Gabatar da ƙudurin doka haƙƙin Yarima ne, majalisa sai dai ta aika shawara, gwamnati kuma tana da wata shida ta bayyana ko za ta mayar da ita ƙuduri ko ba za ta yi ba. Shari'a ma da sunan Yarima ake yanke ta, ko da yake kundi ya ce ya miƙa aikin kacokan ga kotuna, kuma alƙalai da yawa aro ne daga Faransa. Akwai Kotun Ƙoli da aka kafa tun 1911 don kare haƙƙoƙin da kundi ya tanada, kuma tun da ƙasar ta shiga Majalisar Turai (Council of Europe, wadda daban take da Tarayyar Turai) a 2004, wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam da ke Strasbourg. Kwamitin Venice na masana tsarin mulki ya duba wannan tsari a 2013, kuma babban abin da ya nuna damuwa a kai shi ne rashin ikon majalisa na tuhumar gwamnati.

Wani abin lura shi ne masu zaɓen kansu ba su kai dubu 8 ba. Sauran mazauna, komai dukiyarsu da daɗewarsu, ba su da ƙuri'a, kuma zama ɗan ƙasa ga baƙo sai da sa hannun Yarima, bayan aƙalla shekara goma da zama, yana kuma iya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. A zaɓen 2023 ƙawance guda ne ya lashe kujeru 24 ɗin duka.

Ɗalibin Siyasa:

Na gode ƙwarai Hajiya Lauya, bayanin ya warware mini abubuwa da yawa. Saura abu ɗaya. Ana yawan faɗin cewa duk ranar da Yarima ya rasu bai bar magaji ba, Monako za ta koma cikin Faransa. Shin haka abin yake?

Tsohon Malamin Tarihi:

Maganar tana da tushe, amma ta tsufa, kuma ko a da ba haka take daidai ba. Abin da yarjejeniyar 1918 ta ce shi ne, idan gadon ya zama babu mai hawa, wurin zai zama ƙasa mai tafiyar da harkokinta a ƙarƙashin kariyar Faransa. Dalilin sa wannan sharaɗi kuwa Jamus ce. Magajin Albert na I, wato Louis, ba shi da ɗa ta hanyar aure, kuma wanda ke biye da shi a layin gado wani basarake ne Bajamushe, Wilhelm na Urach. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba yadda za a yi Faransa ta zuba ido Bajamushe ya mallaki tashar jirgin ruwa a gefen Nis. Mafitar da aka samu ita ce Louis ya ɗauki Charlotte, 'yar da ya haifa a Aljeriya ba ta hanyar aure ba, a matsayin magajiya bisa doka a 1919. Ta auri Pierre de Polignac, ya ɗauki sunan Grimaldi, ita kuma ta bar wa ɗanta Rainier gadon a 1944, ya hau a 1949.

Gyaran 2002 ya rufe wannan ƙofa. A lokacin Albert, ɗan Rainier, bai yi aure ba, mahaifinsa kuma ya tsufa, sai aka faɗaɗa layin gado ya haɗa da 'yan'uwan Yarima mai mulki da zuriyarsu, aka kuma ce idan duk an rasa, Majalisar Sarauta ce za ta zaɓi wani daga dangi na nesa. Albert na II ya hau a Afrilun 2005, ya yi aure a 2011, aka haifa masa tagwaye a Disamban 2014. Gabriella ce ta fara fitowa, amma Jacques ne magaji, saboda kundi yana gabatar da namiji a kan mace idan matsayinsu ɗaya.

Akanta daga Kumasi:

Malamai, ku ba ni dama in ƙara ɓangaren kuɗi, domin ina ganin matsin da ke kan Monako a yau ba daga Paris kaɗai yake fitowa ba.

Mutane da yawa suna zaton caca ce ke riƙe da ƙasar. Haka ne a ƙarni na 19, amma yanzu abin da caca ke kawo wa baitulmali ɗan kaɗan ne, kuma 'yan ƙasar ma doka ta hana su yin caca a gidan. Kimanin rabin kuɗin shigar gwamnati daga harajin saye da sayarwa yake fitowa, wanda ake karɓa bisa ma'aunin Faransa, saboda ƙasashen biyu suna cikin tsarin kwastan ɗaya tun 1865. Sauran yana zuwa daga cinikin gidaje da filaye, da harajin ribar kamfanoni, da kadarorin gwamnati. Filin kansa daga teku ake ƙwato shi, kamar unguwar Fontvieille da aka cike tun zamanin Rainier, da Mareterra mai hekta 6 da aka buɗe a ƙarshen 2024. Aikin yau da kullum kuwa dubun dubatar ma'aikata ne ke yin sa, waɗanda suke shigowa da safe daga Faransa da Italiya su koma da yamma. A cikin gida gwamnati takan nuna ƙarfinta idan ta so. Lokacin da attajirin nan Aristotle Onassis ya mamaye hannun jarin kamfanin da ke da gidan caca da manyan otal-otal, Rainier ya sa aka yi doka a 1966 aka ƙirƙiri sababbin hannayen jari aka ba gwamnati, rinjayen Onassis ya narke, ya sayar da nasa ya tafi.

A waje kuwa lissafin daban ne. Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana amfani da Yuro bisa yarjejeniya, har tana buga nata tsabar da hoton Yarima, kuma sharaɗin hakan shi ne ta bi dokokin banki na Tarayyar waɗanda ba ta da ƙuri'a wajen yin su. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ba ta cire ta daga jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai kan haraji ba sai a 2009, bayan ta yarda da musayar bayanai. A Yunin 2024 hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta saka ta cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, jerin da Najeriya ma ta shiga a Fabrairun 2023, kuma tun kafin nan majalisar Monako ta yi ta zartar da dokoki a gurguje don cike giɓin da masu bincike suka nuna.

Duk da haka, ɗan'uwanmu na Maradi ya ce ma'aunin 'yanci shi ne halin cewa a'a, kuma akwai wurin da ta faɗe shi. Tun 2015 Monako da Andora da San Marino suke tattaunawa da Tarayyar Turai don ƙulla yarjejeniyar shiga kasuwarta. Tarayyar ta nace cewa dole a bar kowane ɗan Turai ya zauna, ya yi aiki, ya kafa sana'a ba tare da bambanci ba. Monako kuwa tana da dokokin da ke fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki da samun gida da wasu sana'o'i kamar aikin lauya da likita, kuma mutanen da ba su wuce dubu 10 ba a cikin ƙasarsu suna ganin idan wannan fifiko ya tafi, babu abin da ya rage musu. Majalisar Ƙasa ta tsaya kai da fata a kan haka. A Satumban 2023 aka dakatar da tattaunawar da Monako, Andora da San Marino kuma suka kammala tasu a Disamban shekarar ba tare da ita ba.